Babi na Huɗu: Daga Maƙogwaro Zuwa Zuciya

"Yaro ma yana ciwon zuciya? To, me ya dame shi?" Tambayar da iyaye da yawa kan yi ke nan idan likita ya gama sauraren ƙirjin ɗansu ya ce a je a ɗauko hoton zuciya. Ba laifinsu ba ne. Mun taso muna jin cewa ciwon zuciya na manya ne: na magidancin da bashi ya yi wa katutu, na matar da baƙin cikin zaman aure ya cinye, na attajirin da maiƙo ya toshe wa jijiya. Yaro ɗan shekara tara kuwa ba a bin sa bashi, bai san tunani ba, nama ma sai da Sallah yake ci ya ƙoshi. Ta ina ciwon zai shigo masa?

Yaro yana ciwon zuciya. Kuma a ƙasashenmu, wanda ya fi kama yara da matasan da aka haifa lafiyarsu ƙalau ba daga tunani yake zuwa ba, ba kuma daga maiƙo ba. Daga ciwon maƙogwaro yake farawa, irin wanda uwa ke kallo ta ce mura ce, a ba shi shayi mai citta ya kwanta.

Su wa ke cikin hatsari?

Yaran da likitocin zuciya ke sa wa ido sun kasu gida-gida. Akwai waɗanda aka haifa da nakasa a zuciyar, kusan jariri 1 cikin kowane 100. Masu son ƙwallo za su tuna Nwankwo Kanu, wanda bayan ya ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta 1996 likitocin ƙungiyarsa ta Italiya suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya ci gaba da buga ƙwallo shekaru masu yawa. Akwai masu sikila, waɗanda ƙarancin jini ke sa zuciyarsu aikin da ya fi ƙarfinta. Akwai masu ciwon ƙoda da masu ciwon suga na yara. Akwai 'ya'yan gidajen da ake gadon yawan kitse a jini, inda za ka ji kawu da baffa duk sun faɗi sun mutu kafin su kai hamsin. Akwai kuma yaran birni da ƙiba ta fara kamawa saboda lemon kwalba da zaman gaban talabijin. Kowane rukuni yana da babinsa a wannan littafi.

Amma rukunin da ya fi kowanne yawa a unguwanninmu da ƙauyukanmu shi ne na yaran da ba su da wata larura ko kaɗan. Shekarunsu tsakanin 5 da 15, suna kwana su bakwai ko takwas a ɗaki ɗaya, asibiti kuma yana da nisa ko yana da tsada. Ciwon da ke jiran su likitoci suna kiran sa ciwon zuciya na rumatik. Ƙididdigar duniya ta 2019 ta nuna mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da shi, kuma yana kashe kimanin 300,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta.

Ƙofofi huɗu

Zuciya ɗakuna huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma tana da ƙofofi huɗu. Kowace ƙofa tana da ƙyaure na tsoka mai laushi wanda ke buɗewa ta fuska ɗaya kawai: jini ya wuce, ƙyauren ya rufe, kada ya komo baya. A jikin babban mutum wannan buɗewa da rufewa tana faruwa kusan sau 100,000 a yini, a jikin yaro ma ta fi haka.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da damina ta kumbura wa ƙyauren katako ya san matsalolin guda biyu ne. Ko dai ƙyauren ya karkace ya ƙi rufuwa, iska da ƙura su riƙa shigowa, ko kuma ya cije ya ƙi buɗuwa, sai an sa kafaɗa. Haka ciwon rumatik ke yi wa ƙofofin zuciya. Idan ƙofa ta ƙi rufuwa, jini yana yoyo baya, zuciya ta yi ta turo jinin da ta riga ta tura. Idan ta tsuke, jini yana taruwa a bayanta. Ƙofar da ta fi shan wahala ita ce wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, kuma abin da ke bayanta huhu ne. Shi ya sa alamar farko takan zama haki: yaron da ke tsere da sa'o'insa ya koma tsayawa yana dafa gwiwa, daga baya ya kasa kwanciya sai an tara masa matasai, daga baya ƙafa da ciki su kumbura.

Makonni uku na shiru

Ƙwayar cutar da ke jawo duk wannan bakteriya ce da ake kira sitiref rukunin A. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da yawu, ta sauka a maƙogwaro, yaro ya yi zazzaɓi ya kasa haɗiye abinci. Bayan kwana uku zuwa biyar ciwon yakan lafa da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba.

A nan ne aka fi yaudaruwa. Tunda ciwon yana warkewa da kansa, duk abin da aka ba yaron shi ke karɓar yabo: zuma da lemon tsami, jiƙon kaka, kafso biyu na kemis. Gida ya koma harkarsa. Amma a cikin jikin wasu yaran rikicin bai ƙare ba. Garkuwar jiki ta ƙera makaman yaƙar ƙwayar cutar, kuma wasu sassan jikin ƙwayar suna kama da naman ƙofofin zuciya da na gaɓoɓi da na wani yanki na ƙwaƙwalwa. Sai makaman su rikice, su auka wa jikin da suka zo karewa. Mako biyu zuwa uku bayan ciwon wuyan da kowa ya manta, sai yaro ya tashi da zazzaɓi da kumburin gwiwa. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik.

Ba kowane yaro abin ke samu ba. Ko a lokacin da cutar ke yaɗuwa da ƙarfi, kimanin 3 ne cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba ke kai wa wannan mataki. Adadin kamar kaɗan ne, sai ka tuna yara nawa ne a aji ɗaya na firamaren gwamnati, da sau nawa kowannensu ke ciwon wuya tsakanin shigowar sanyi da ƙarshen hunturu. Har yau kuma babu allurar rigakafin wannan ƙwaya, ana dai kan bincike.

Wane ciwon wuya ne abin tsoro?

Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, kuma mura ba ta jin maganin bakteriya. A cikin yara goma masu ciwon wuya, biyu ko uku ne kawai nasu na sitiref ne. Na mura yakan zo da majina da tari da dishewar murya da jan ido. Na sitiref kuwa yakan faɗo farat ɗaya, da zazzaɓi mai zafi, da zafin haɗiya har yawu ma ya gagara, da kaluluwa mai ciwo a ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan ka haska tocila ka ce yaron ya buɗe baki, za ka ga tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro sun yi ja sun kumbura, wani lokaci da fari-fari na mugunya a kansu. Sau da yawa babu tari, babu majina. Ƙananan yara kan haɗa da ciwon ciki da amai.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, ko na likita ne. A inda ake da hali, ana dangwalo majinar maƙogwaro da auduga a gwada. A inda babu gwajin kuma ciwon rumatik ya yi yawa, ma'aikacin lafiya yakan duba alamomin nan ya ba da magani, domin hatsarin bari ya fi hatsarin bayarwa. Aikin iyaye shi ne su kai yaron a duba. Wani dalilin ma ya ƙaru: tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta dawo Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha shan wahalarta, kuma ita ma da ciwon wuya take farawa, ita ma tana taɓa zuciya. Wanda ya ga yadda ta ɗebi yara ba zai sake raina ciwon maƙogwaro ba.

Kwana goma, ba uku ba

Maganin tsoho ne kuma mai araha: fenisilin. A 1950 wasu likitoci a wani sansanin sojan sama da ke Wayomin ta Amurka suka nuna cewa idan aka yi wa kurata masu ciwon wuya allurar fenisilin, zazzaɓin rumatik yana raguwa ƙwarai a cikinsu. Shekara sama da saba'in ke nan, kuma abin mamaki, wannan ƙwaya har yau ba ta koyi bijire wa fenisilin ba, alhali 'yan'uwanta da yawa sun gagari magunguna masu tsada.

Hanya biyu ce. Ko a sha fenisilin ko amoksilin na kwana goma cur, ko a yi allura guda ɗaya ta benzatin fenisilin, wadda ke zama a tsoka tana sakin magani a hankali. Akwai sarari ma: ko da an fara maganin kwana tara bayan farawar ciwon, yana hana zazzaɓin rumatik. Wanda ba ya shiri da fenisilin akwai madadinsa, likita ya sani.

Inda muke faɗuwa shi ne wajen kwana goman. Uba ya tsaya a kemis ya ce a ba shi maganin ciwon wuya na kuɗin da ke aljihunsa, a yanko masa kafso shida. Yaro ya sha na kwana biyu ya warware, a ajiye ragowar don wata rana. Zafin ya tafi, ƙwayar tana nan a maƙogwaro, garkuwar jiki kuma tana ci gaba da ƙera makamanta. Wani lokacin ma abin da aka yanko ba ya cikin masu wannan aiki. Septrin da tetirasaikilin, duk da farin jininsu a kemis, ba a dogara da su wajen kawar da sitiref daga maƙogwaro.

Sai maganar wanzami. A gidaje da yawa, daga Katsina har Maraɗi, idan ciwon wuya ya yawaita wa yaro sai a ce belu ne ko hakin wuya, a kira wanzami ya cire. Wanzamai masu sana'a ne masu daraja a cikin al'umma, amma a wannan wuri askarsu ba ta da abin yi. Ƙwayar cutar ba a cikin belun take zaune ba, cire shi ba ya korar ta. Abin da ya rage wa yaron shi ne zubar jini, da rauni a wurin da dama yake da ciwo, da hatsarin kamuwa da ciwon hanta ko sandarewar jiki idan ƙarfen bai tsarkaka ba. Zuma da citta da kanumfari suna sanyaya maƙogwaro, a sha babu laifi. Amma su ba su maye gurbin kwana goman nan.

Idan gwiwa ta kumbura

Zazzaɓin rumatik gwani ne wajen ɓad-da-kama. Yaro ya yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ce maleriya ce. Bai warke ba, a ce taifot. Wani ya ce sanyin ƙashi, wata ta ce a gwada ko sikila ce. Alamar da ta fi tona masa asiri ita ce ciwon yana yawo: yau gwiwar dama ta kumbura ta yi zafi har ba ya son zane ya taɓa ta, jibi ta saki idon sawun hagu ya ɗauka, daga nan wuyan hannu ko gwiwar hannu. Manyan gaɓoɓi yake bi. Idan aka ba shi maganin kashe zafi irin su asfirin ko ibufurofen, kumburin yakan sauka kamar an yi ruwa an ɗauke, kuma wannan ma yana ɓatar da sawu, domin kafin a isa asibiti babu abin da likita zai gani. Gaɓoɓin suna warkewa sarai ba tabo. Zuciya ce ke riƙe tabon. Fiye da rabin yaran da suka yi wannan zazzaɓi sukan ƙare da lalacewar ƙofar zuciya.

Akwai wata alamar da ta fi ban tausayi, kuma ta fi samun 'yan mata. Watanni bayan ciwon wuyan, wani lokaci har shida, sai yarinya ta fara wani irin motsi da ba ita ke yi ba. Hannu yana fizga, kafaɗa tana ɗagawa, fuska tana yamutsewa, harshe ba ya zama wuri ɗaya. Kwano yana suɓuce mata, rubutunta ya lalace, ta riƙa kuka ko dariya ba dalili. Idan ta yi barci motsin ya tsaya cak. A makaranta ana dukanta don ta ɓata littafi, a gida ana cewa iska ce ta taɓa ta, a nufi wurin mai ruƙiyya. Babu mai hana addu'a, amma wannan yarinya tana buƙatar likita ya saurari ƙirjinta a makon nan. Motsin zai wuce da kansa bayan makonni ko watanni, kuma da yawa daga cikin masu shi zuciyarsu ta riga ta taɓu ba tare da an sani ba.

Kada kuma a ce ai bai yi ciwon wuya ba. Yara da dama da suka yi zazzaɓin rumatik ba sa tuna wani ciwon wuya, ko dai ya zo da sauƙi ko an manta. Masu bincike a Ostareliya da Niyu Zilan suna ganin gyambon fata da ke biyo bayan sosa ƙazuwa shi ma yana iya zama mashiga, domin ƙwayar ɗaya ce.

Allurar wata-wata

Wannan shi ne sashen da na fi so mai karatu ya riƙe. Zazzaɓin rumatik na farko ba kasafai yake gama da zuciya ba. Maimaituwarsa ce ke gamawa da ita. Yaron da ya taɓa yi sau ɗaya, jikinsa ya riga ya koyi wannan kuskure, duk lokacin da sitiref ta sake shiga maƙogwaronsa garkuwar jikin tana iya komawa kan ƙofofin nan ta ƙara musu tabo a kan tabo. Idan aka hana ƙwayar sake samun wurin zama, lalacewar takan tsaya inda take, ƙaramin yoyo ma yakan gyaru da kansa.

Hanyar hanawar ita ce allurar benzatin fenisilin duk bayan mako huɗu, wasu likitocin kan mai da shi uku. Ba ta wata uku ba ce, ba ta shekara ɗaya ba. Wanda zuciyarsa ba ta taɓu ba yakan yi aƙalla shekara biyar ko har ya kai 21, duk wanda ya fi tsawo. Wanda ta taɓu yakan yi shekara goma ko fiye. Wanda ƙofarsa ta lalace sosai yakan ci gaba har shekara 40, wasu iya rayuwa. Likita ne ke yanke lokacin dainawa, ba jin sauƙi ba.

Faɗa da baki ba wuya. Allurar tana da kauri, tana da zafi, kuma ana yi wa yaron da a idon kowa lafiyarsa lau. Wata na farko uba ya kai shi da kansa. Wata na huɗu ya zo daidai da shuka. Wata na shida kaka ta ce wannan huda jikin yaro ya isa haka, ai ya warke. Wata na takwas aka je aka tarar babu maganin a asibiti, domin benzatin fenisilin magani ne mai araha da kamfanoni kaɗan ke yi, kuma yakan yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Wani wurin ma'aikaciyar jinya ce ke jin tsoron yi, saboda ta taɓa jin labarin wanda ya faɗi bayan allura. Tsoron nata yana da tushe, amma yana da magani. Mummunan rashin jituwa da fenisilin abu ne da ba kasafai ake gani ba. Yawancin masu faɗuwa suma ce ta zafi da tsoro da yunwa, shi ya sa ake so yaro ya ci ya sha kafin a yi, a yi masa yana kwance, a gauraya maganin da ɗan abin kashe zafi, a bar shi ya huta kafin ya tashi. Masu ciwon da ya riga ya yi tsanani ne suman ke yi wa hatsari, kuma su likitan zuciya na iya mai da su kan ƙwaya ta sha kullum.

Wani babban bincike da aka yi a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya da Sudan, tare da Indiya da Yaman, ya bi masu ciwon zuciya na rumatik 3,343. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne. Kashi 55 cikin 100 ne kawai ke kan maganin rigakafin nan. Cikin shekara biyu, kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu. Waɗannan fa su ne suka kai ga babban asibiti.

A ganina ba adalci ba ne a ɗora wa iyaye laifin duka. Ba uwar da za ta iya riƙe alƙawarin shekara goma ita kaɗai. Abin da ya yi aiki a ko'ina shi ne rajista: littafi a asibitin unguwa mai sunan kowane yaro da ranar allurarsa, da ma'aikacin da zai buga waya ko ya taka har gida idan ba a gan shi ba. Mun san yadda ake wannan, domin haka ake bin masu tarin fuka da masu shan maganin ƙanjamau. Kafin hukuma ta yi nata, iyali na iya yin nasu: a sami kati a rubuta kowace allura da kwanan watanta, a ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin tunawa, a tanadi maganin wata mai zuwa tun kafin ranar ta zo. Idan yaron zai tafi makarantar kwana ko karatun allo a wani gari, katin ya bi shi, a kuma gaya wa malaminsa baki da baki.

Waɗanda ba su san suna da shi ba

A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya. Da aka duba su da abin sauraren ƙirji, an sami kimanin 2 cikin 1,000 masu ciwon. Da aka duba su da na'urar hoton zuciya ta eko, irin wadda ake duba juna biyu da ita, adadin ya ninka kusan sau goma. Wato a bayan kowane yaro da kunnen likita ya kama akwai wajen tara da ke wasa a fili ƙofarsu ta fara taɓuwa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko yi musu allura zai amfane su. An gwada a Gulu da ke arewacin Yuganda, a kan yara kimanin 800 'yan shekara 5 zuwa 17. Rabi aka yi musu allurar wata-wata na shekara biyu, rabi aka sa musu ido kawai. A cikin waɗanda ba a yi wa ba, ciwon ya ci gaba a jikin kashi 8.2 cikin 100. A cikin waɗanda aka yi wa, kashi 0.8. Wani abin lura shi ne kusan babu yaron da ya tsallake allura, domin masu binciken sun haɗa yaran ƙungiya-ƙungiya, ranar allura ta zama ranar wasa da haɗuwa da abokai, kuma akwai mai bibiyar kowane gida. Yanzu na'urar eko ta ƙanƙance har ana riƙe ta a hannu a haɗa da waya. Idan an sami mai ciwon rumatik a gida, yana da kyau a nemi a duba ƙannensa da yayyensa, tunda ɗaki ɗaya suke kwana.

Idan an makara

Ƙofar da ta lalace sosai ba ta gyaruwa da magani. Ƙwayoyin rage ruwa suna sauƙaƙa haki da kumburi, amma ƙarshenta sai aiki: a gyara ƙofar ko a sa ta ƙarfe. An fara buɗe ƙirji a yi aikin zuciya a Najeriya tun 1974 a Inugu, amma har yau cibiyoyin da ke yi a kai a kai kaɗan ne, kuɗin kuma miliyoyin naira ne. A Khartum akwai Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 don yin aikin kyauta, kuma mafi yawan waɗanda ta yi wa masu ciwon rumatik ne daga ƙasashen Afirka da dama. Ko an samu an yi, ba a rabu da asibiti ba. Mai ƙofar ƙarfe zai sha wafarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen ransa, da gwajin jini a kai a kai. Ya yi yawa jini ya ɓalle, ya yi kaɗan gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.

Abu biyu ne mai taɓaɓɓiyar ƙofa zai ƙara kiyayewa. Na farko haƙori: ƙwayoyin cutar baki kan shiga jini su maƙale a ƙofar da ke da tabo, don haka asuwaki ko buroshi kullum, kuma kafin a cire haƙori a gaya wa likitan cewa akwai ciwon zuciya. Na biyu ya shafi 'yan mata. Juna biyu yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, kuma ƙofar da ta tsuke ba ta iya ɗaukar wannan. Mata da yawa a cikin farko suke gano ciwon da suka ɗauko tun suna firamare. Ɓoye wa dangin miji don kada aure ya fasu jefa rayuwar yarinya ne cikin hatsari. A ga likitan zuciya tun kafin ciki, ya faɗi abin da ƙofar za ta iya ɗauka da magungunan da sai an canza.

Ciwon cunkoso

A shekarun 1920 zazzaɓin rumatik yana kan gaba cikin masu kashe yaran makaranta a Amurka. Ya fara ja da baya a can da Turai tun kafin fenisilin ya zo, lokacin da gidaje suka faɗaɗa, yara suka daina kwana a cunkushe. Inda ya rage a ƙasashen masu arziki, a cikin talakawansu ya rage, kamar 'yan asalin Ostareliya da Mawori na Niyu Zilan. Amma ba sai ƙasa ta yi arziki ba. A lardin Finar del Riyo na Kuba, tsakanin 1986 da 1996, an wayar da kan iyaye da malamai, aka horar da ma'aikatan lafiya, aka buɗe rajista, aka tabbatar fenisilin bai yanke ba. Masu kamuwa da zazzaɓin a tsakanin yara da matasa suka sauko daga 18.6 zuwa 2.5 cikin kowane 100,000. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su yi irin wannan.

Ba kowane magidanci ke da halin ƙara ɗaki ba. Amma ana iya buɗe taga, a raba wa mai ciwon wuya kofinsa da shimfiɗarsa, a yi maganin ƙazuwa ga 'yan ɗaki gaba ɗaya a lokaci guda. Yaron da ya fara shan maganin da ya dace yakan daina yaɗa ƙwayar bayan kwana ɗaya, daga nan yana iya komawa aji.

Duk yaran da muka yi magana a kan ciwon rumatik ɗinsu a nan da lafiyayyar zuciya aka haife su. A babi na gaba za mu koma kan jariran da suka zo duniya da tasu matsalar: wanda ke haɗa gumi yana haki idan yana shan nono, wanda leɓensa ke yin shuɗi idan ya yi kuka, wanda aka yi suna aka yi arba'in bai ƙara nauyi ba. Za mu ga abin da uwa za ta kiyaye tun tana da ciki, da alamomin da ba a kwana da su a gida.